Idon Inna a Motar Yaya

Yayana mutumin kirki ne matuƙar ƙafarsa tana ƙasa. Ka taka shi a kasuwa, shi zai juyo ya ba ka haƙuri. Amma da zarar ya shiga mota ya murɗa mukulli, to sai ka nemi tsari. Hannu a kan hon, kai a waje ta taga, baki kuwa ba ya rufuwa. A wurinsa babu wanda ya iya tuƙi a garin nan sai shi kaɗai. Sauran duk ko makafi ne, ko barci suke yi, ko kuma a titi suka tsinci lasisinsu. Sana'arsa fentin mota, kuma a garejinsu Gobara ake ce masa. Shi kuwa yana amsawa har da murmushi, kai ka ce sarauta aka ba shi.

Mu biyu Inna ta haifa, shi babba, ni auta, don haka ba na shakkarsa ko kaɗan. Na sha faɗa masa a gaban idonsa cewa wata rana hon ɗin nan zai gaji ya kai shi ƙara. Sai ya ce, "Ke da ko keke ba ki iya ba, me kika sani?"

Inna dai ta daɗe da yanke nata hukuncin. Shekarun baya ya ɗauko ta daga kasuwa, sai wani mai tasi ya sha gabansa a kan gangara. Yaya ya buɗe ƙofa ya dira don ya koya wa mutumin hankali, ya manta bai ja birkin hannu ba. Motar ta kama tafiya da baya a hankali, Inna a ciki tana salati, har sai da wata bishiya ta tare ta. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta fito, ta gyara mayafinta, ta ɗauki kwandonta, ta wuce Yaya ko kallo bai ishe ta ba, ta buɗe tasi ɗin da ake faɗa da mai shi ta zauna a baya.

Tun daga ranar ba ta sake taka motar Yaya ba. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, mai tasin nan shi ya zama direbanta. Asibiti, kasuwa, gidan 'yan'uwa, duk shi take kira. Har gida yake zuwa ya gaishe ta, ta kawo masa ruwa mai sanyi. Yaya yakan yi dariya ya ce shi ko a jikinsa. Ƙarya yake yi. Ina ganin yadda yake kawar da kai duk lokacin da tasin ta tsaya a ƙofar gida, kuma wallahi tausayi yake ba ni, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba don kada kansa ya ƙara girma.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe wa Inna idanu duka biyu, har ta kai sai da murya take gane mu. Likita ta ce za a fara yi wa na dama aiki, na hagu daga baya. Ana sa ranar aikin Yaya ya shigar da motarsa gareji ya rufe ƙofa. Da ya fito da ita sai da na riƙe baki. Ya goge tsohon fentin tas, ya fesa mata kore mai duhu, irin na ƙofar tsohon gidanmu da Inna ba ta gajiya da labarinta. Sai sheƙi take yi, har fuskarka kake gani a jikinta. Na ce, "Yaya, wannan kwalliyar fa?" Ya ce wai ragowar fenti ne ya samu. Ragowar fenti a ina! So yake idan aka buɗe wa Inna ido, motar nan ta shiga cikin abubuwan da za ta fara gani.

An yi aikin lafiya. Da yamma aka ce za mu iya tafiya gida. Likitar mace ce mai magana a hankali, amma maganarta ba ta da wasa. Ta rufe wa Inna idon da bandeji, ta dube mu ta ce, "Ku ji da kyau. Jininta yana hawa, kuma aikin ɗanye ne. Kada a girgiza ta, kada a firgita ta, kada kanta ya bugi wani abu. Idan abin da muka saka a idon nan ya goce, sai an sake komawa ciki, kuma ba na yi muku alkawarin zai yi kyau kamar na farko."

Na kira mai tasi. Ya ɗauka yana haki, ya ce motarsa ta mutu a can ƙarshen gari, bakanike na ƙarƙashinta. Ya yi ta ba da haƙuri kamar zai yi kuka. Na leƙa titi ta tagar asibiti. Lokacin tashi daga aiki ne, motoci sun cushe kamar an zuba su da kwano, babu tasi ko ɗaya da ba ta cika ba. Can a gefe kuwa ga koriyar motar Yaya tana ta ƙyalli, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki yana juya mukulli a yatsa.

Inna ta ce, "Gara in kwana a bencin nan."

"Inna, benci ba gado ba ne," in ji ni.

"Ya fi gangara."

Yaya ya durƙusa a gabanta. Ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba. "Inna, ki yarda da ni sau ɗaya. Ko kofin shayi kika riƙe ba zai zube ba."

"Ni ba shayi na riƙo ba, Mai Fenti. Idona na riƙo, kuma shi ke nan gare ni."

Haka take kiransa, Mai Fenti. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta miƙo mini hannu ta ce in tashe ta.

Muka zauna a baya ni da ita, na sa mata filo a bayan wuya. Ita tana daidai bayan kujerar direba. Ta laluba ta ɗora hannunta a kafaɗar Yaya ta bar shi a nan. Ya ɗaura bel, ya gyara madubi, ya ja numfashi irin na mai shirin nutso, muka fita.

Ko ƙofar asibitin ba mu gama fita ba wata farar mota ta kutso ta tare mana hanya. Na ga wuyan Yaya ya kumbura, hannunsa ya nufi hon kamar yadda ya saba.

"Kafaɗar nan ta yi tauri," in ji Inna. "Me ya faru? Ni ba na gani. Faɗa mini."

"Wani jaki ne ya shigo mana, Inna."

"To. Wane launi ne motar jakin?"

Na toshe baki da mayafi. Yaya ya harare ni ta madubi. Ya ce, "Fara ce. Ba ma farin kirki ba. An sake fesa ƙofar gaba, wanda ya yi aikin bai iya haɗa launi ba, ƙofar ta fi sauran jikin haske."

"Wa ke ciki?"

Sai da ya duba, don bai duba ba tun farko. "Wani dattijo ne. Ya manna fuskarsa da sitiyari kamar mai karanta jarida. Akwai tsohuwa a gefensa, an naɗe mata hannu da bandeji."

"Ashe daga inda muka fito suka fito. Ba su hanya su wuce."

Ya ba su. Dattijon bai ma san an yi ba.

Inna ta gyara zama ta ce, "Haka za mu yi har gida. Na gaji da duhu. Duk abin da idonka ya gani, ka zuba mini a kunne. Idan ka yi shiru na san kana shirya zagi."

Wayyo, da kun ji yadda aka fara! Yaya bai san wani abu a titi ba sai fenti. Wannan jar motar an cika ta da ciko, waccan baƙar rana ta ci rufinta, ga wata shuɗiya da aka yi wa aikin ganin ido. Ya yi ta lissafa laifin masu fentin garin nan ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ƙyale shi ya gama, sannan ta ce, "Motocin duk su kaɗai suke tafiya? Babu mutane a ciki?"

Muna tsaye cak a lokacin, danja ta ba da hannu ta sake tsayarwa ba mu matsa ko taku ɗaya ba. Ba shi da abin yi, dole ya duba. Ya ce a motar da ke damarmu wata mata ce ta cire takalmin ofis mai tsini ta ɗora a kujera, tana murza ƙafarta da hannu ɗaya. A hagu kuma wani ƙato ne mai gemu, ya rufe gilashi yana rera waƙa shi kaɗai, har da lumshe ido da dafa ƙirji.

"Muryarsa da daɗi?"

"Ba na ji, Inna. Amma daga yadda yake buɗe baki, gara da ya rufe gilashin."

Inna ta fara dariya, na yi maza na dafa ta. "Inna, likita ta ce ban da girgiza!"

"To ki hana shi ba ni dariya mana."

Daga nan bakin Yaya ya buɗe ta wata hanyar da ban san yana da ita ba. Ya ga motar makaranta, yara sun yi barci kan wannan a kafaɗar wancan. Ya ga mai sayar da ruwa yana ratsa motoci da bokiti a ka, ko digo bai zubar ba. Ya ga wani ya ɗauro katifa a kan rufin mota da igiya ɗaya, ya fito da hannu ta taga ya riƙe ta, wai shi nan taimaka wa igiyar yake yi. A da, da tuni ya leƙa ya faɗa wa mutumin abin da ubansa bai faɗa masa ba. Yau sai kawai ya rage gudu ya bar tazara mai yawa tsakaninmu da katifar. Duk lokacin da kafaɗarsa ta fara tashi, Inna takan ɗan danna ta ta ce, "Sauke." Sai ka ji ya fesar da iska, kafaɗar ta koma.

Da muka iso babban shataletale ya ce, "Kai! Yaushe aka dasa bishiyar nan?"

Na ce, "Yaya, bishiyar nan ta girme ni. Kullum ta nan kake wucewa zuwa gareji."

"Wallahi ban taɓa ganinta ba. Inna, ta yi fure fal, rawaya, har ya zube a ƙasa ya rufe ciyawa."

"Rawaya irin wane?"

Nan fa aka zo gidansa. Ya ce ba rawayar lemo ba ce, ta fi ta sanyi, sai ka zuba fari kaɗan sannan ka ɗiga ja kamar kan allura. Inna tana gyaɗa kai a hankali kamar tana gani. Ni kuwa na zuba wa bishiyar ido, don gaskiya ni ma na daɗe ban kalle ta ba.

Bayan shataletalen titin ya lalace, ramuka ko'ina. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya kauce wa wannan, ya sauka cikin wancan a hankali ya fito a hankali. Sai ga hon daga bayanmu, ba ƙaƙƙautawa. Wani mutum ne a jar mota, ya fito da kansa har kafaɗa yana ihu.

"Malam, barci kake yi? Idan ba ka iya ba ka sauka ka tura ta mana! A ina ka tsinci lasisi?"

Na ce, "Yaya, ga ɗan'uwanka yana gaishe ka. Har kalmomin naka ne, ko canji bai yi ba."

Kafaɗarsa ta tashi, ina gani daga baya. Inna ta ce, "Shi kuma yaya kamanninsa?"

Ya daɗe yana kallon madubi. "Jijiyar goshinsa ta fito. Bakinsa har da kumfa. Inna, haka nake zama?"

"Ka fi shi murya," in ji ta.

Ya kunna sigina, ya matsa gefe, ya yi wa mutumin alama ya wuce. Mutumin ya wuce fuu yana zagi, ya je ya tsaya a bayan wata babbar mota taku kaɗan a gabanmu. Haka muka yi ta tafiya kusa da shi har gada, yana ta huci, bai fi mu da komai ba. Can wani direba da Yaya ya bari ya shigo layi ya ɗago masa hannu ta taga. Yaya ya juyo da mamaki ya ce, "Auta, kin gani? Godiya ya yi mini." Na ce haka mutane suke yi, shi ne dai bai taɓa ba su dalili ba.

A kan gada abin ya faru. Layi ya fara motsi, kowa na ɗokin ya samu ya wuce. Wani mai babur ɗauke da babban akwatin ƙarfe na kai saƙo ya kutso ta tsakaninmu da bangon gadar, ta gefen da nake zaune. Sai na ji ƙiiiii, tun daga ƙofar baya har ta gaba, ƙarar da ta shiga mini har cikin haƙora. Babur ɗin ya yi tangal-tangal, ya sha gabanmu, ya kife a daidai hancin motar.

Na runtse ido ina jiran kan Inna ya bugi kujera. Ba abin da ya faru. Motar ta tsaya lumui, kamar an ajiye ta da hannu. Ashe Yaya ya hango mutumin ta madubi tun daga nesa, ya riga ya ɗage ƙafa daga mai, ga kuma tazarar da ya bari a gabansa. Ko filon da ke wuyan Inna bai zame ba.

To ni fa a nan nawa ya tashi. Na sauke gilashi na leƙa, na ga farin layi ya tsaga koren fentin nan daga farko har ƙarshe. Fentin da Yaya ya kwana ya wuni a kansa! Ban san lokacin da na fito da kaina ta taga ba.

"Kai makaho ne? Titin na gidanku ne? Dubi abin da ka yi! Wa ya ba ka babur, don Allah wa ya ba ka?"

Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ina cikin yi na lura motar ta yi tsit. Yaya ya riƙe sitiyari gam da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan mabuɗin ƙofa. Hannun Inna yana kafaɗarsa. Ta ji ƙarar, ta ji ihuna, kuma ba ta ganin komai. Numfashinta ya fara sauri. Sai a lokacin na tuna da maganar likita.

Da wata siririyar murya Inna ta ce, "Faɗa mini."

Na ji ya ja iska ya sake, ya ja ya sake. Sannan ya saki ƙofar, ya kai hannu ya ja birkin hannu, ƙarrr, har ƙarshe.

"Ba wanda ya ji ciwo, Inna. Babur ne ya goge mu ya faɗi, ban taɓa shi ba. Mutumin ya tashi zaune. Ba yaro ba ne, akwai furfura a gemunsa. Takalminsa ɗaya ya fita, yana can kusa da tayarmu. Ya kasa ɗaga babur ɗin. Tsoro yake ji, Inna. Kallona yake yi."

"Na ji ka ja birkin hannu," in ji Inna.

"Na ja."

"To je ka."

Ya kunna fitilun gargaɗi ya fita. Ni na ci gaba da ba Inna labari, don yanzu aikin ya dawo kaina. Ya ɗauki takalmin ya miƙa wa mutumin. Suka ɗaga babur ɗin tare suka jingina shi da bango. Mutumin ya haɗa hannu biyu yana magana da sauri, yana nuna jikin motar. Yaya ya juya ya kalli farin layin da ke jikin fentin. Ya daɗe yana kallo, har na ce yanzu Gobara za ta tashi. Sai ya buɗe but ɗin motar ya ɗauko filaya, ya kama kusurwar akwatin da ta buɗe ta yi tsini, ya lanƙwasa ta ciki ya danne. Ya daki akwatin da tafin hannu, ya yi wa mutumin alama ya tafi. Motoci na ta hon a bayanmu, ko waiwaye bai yi ba.

Ya dawo ya zauna, ya ɗaura bel, ya dube ni ta madubi ya ce, "Auta, ki riƙa rage murya. Daga asibiti muke."

Ni! Ni Gobara yake yi wa wa'azin murya! Inna kuwa ta riƙe haɓarta da hannu biyu don kada dariya ta girgiza mata kai, hawaye na bin kuncinta ta idon da ba a rufe ba.

"Fentin ya lalace sosai?" ta tambaya da ta samu numfashi.

"Ɗan kaɗan ne."

Na san ƙarya yake yi, amma ban tona shi ba.

Muka isa gida lafiya. Ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe ta har kan gadonta. Ba ta yaba masa ba, ba ta kuma ce komai game da tafiyar ba. Ta ce dai a rage mata hasken ɗaki.

Ranar da za a cire bandeji, da sassafe sai ga mai tasi a ƙofar gida, an gyara mota, ya zo da fara'arsa. Inna ta shiga kamar yadda ta saba, ni ma na bi ta. Yaya yana tsaye da mukulli a hannu. Ya shiga tasa ya biyo mu a baya. Ina waiwayensa a hanya, raina duk babu daɗi. Aiki ya yi masa yawa a gareji, bai samu ya taɓa layin nan ba, yana nan fari ƙal a jikin kore.

Likita ta ware bandejin a hankali. Inna ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Auta, ashe haka kika yi ƙiba?" Na fashe da kuka da dariya a haɗe. Likita ta haska idon ta duba ta ce komai yana wurinsa daram, ko motsi bai yi ba. Yaya ya juya ya fuskanci bango yana gyaran hula, hular da babu abin da ya same ta.

Da muka fito, mai tasi ya riga ya buɗe ƙofar baya yana jira. Motar Yaya tana can gefe, ya manna ɓangaren da aka goge da katanga don kada a gani. Inna, da baƙin tabarau ɗin da aka ba ta, ta tsaya ta dubi tasi, ta dubi koriyar mota. Ta nufi koriyar. Ta shafa bonet ɗin da tafin hannu.

"Ƙofar gidanmu," ta ce.

"Ragowar fenti ne," in ji Yaya.

"Matsar da ita daga katangar nan in ga ɗan kaɗan ɗin."

Ya matsar. Ta bi layin da yatsa tun daga ƙofar baya har ta gaba, ba ta yi sauri ba. Ta ɗago ta dube shi. "Duk wannan aka yi maka, ka tsaya kana faɗa mini takalmin mutum ya fita?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya wurin mai tasi ta yi masa godiya mai yawa, ta sa masa albarka, ta ce ya gaida iyali, kuma kada ya daina zuwa shan ruwa. Sannan ta buɗe ƙofar gaba ta motar Yaya da kanta, ta zauna, ta ja bel.

"Ta shataletale za ka bi," ta ce. "Ina so in ga bishiyar nan, in ji ko ƙarya ka shirga mini."

Ba hanyarmu mafi kusa ba ce, kuma cunkoso ya fara, amma wa zai yi musu? Da muka iso ta sa ya zagaya shataletalen har sau biyu. Ta ce rawayar ta yi, amma jan da ya ce a ɗiga ya yi yawa. Suka yi ta gardama a kan haka, shi yana cewa sana'arsa ce, ita tana cewa idonta sabo ne, nasa tsoho. Ta karanta allunan shaguna da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Ta ga wata mata da jariri a motar gefe ta ɗaga masa hannu.

Kafin mu kai gada na ji surutun ya ragu. Na leƙa. Kanta ya jingina da kujera, bakinta ya ɗan buɗe, hannuwanta a sake a kan cinya. Inna, da ko a tasi ba ta runtsawa don tana taya direba kallon hanya, ta yi barci a motar Yaya.

Na taɓa shi na nuna masa. Ya kalle ta sau ɗaya ya mayar da ido kan titi, ya goge fuska da bayan hannu. Wani ya danna mana hon daga baya. Yaya ya rufe gilashin gefenta a hankali don kada ƙarar ta tashe ta, ya kunna sigina, ya ba mutumin hanya.